Doktora da Mai Sharar Makaranta

"Daga yanzu zuwa ƙarfe ɗaya ni naki ne," in ji Don Evelio. "Ni, da motata, da abin da ke cikin kan nan. Ke kuma da yamma ki ba ni awa ɗaya a gidana."

Odalys ta ajiye ɗan kofin gahawarta a kan katakon tagar shagon gahawa. Bakwai da rabi ne na safiyar Alhamis, masu tafiya aiki sun yi layi a bayansu, kowa yana jiran nasa kofin a tsaye.

"In na faɗi fa?"

"Ko kin faɗi."

"In na faɗi babu inda zan je sai gado."

"Doktora, ban ce zan sayar miki da jarrabawa ba. Wuni zan sayar miki. Ki ci, ki faɗi, biyar da rabi kina ƙofata."

"Waye ba shi da lafiya?"

"Ban ce wani ba shi da lafiya ba. Jikata ce, Nayla, shekararta uku da wata biyu. Ki dube ta kawai, ki faɗa mini gaskiya. Gaskiya fa, ba irin taku ta likitoci mai sukari a sama ba."

Odalys ta ɗauki kofinta ta kurɓa. "Ni ma ina da sharaɗi. Kada kowa a makaranta ya ji cewa a wurinka na ɗauki darasi."

"Wa zan gaya wa? Tsintsiya?"

Suka yi musafaha. Ya ji yatsunta a kumbure.

Shekara goma sha tara Odalys Peñate ta yi tana likitar yara a Holguín, a ƙasar Kyuba. Shekararta uku da baro ƙasar zuwa Hialeah, kuma duk ukun a ɗakin sanyi na wani sito kusa da filin jirgi ta yi su, tana ɗaure furen da ake saukewa daga Kolombiya. Takardar likitanta ba ta aiki a nan. Wadda ke aiki ita ce ta RBT, wadda rabin matan unguwa ke nema: ma'aikaciyar da ke zama da yaro mai otizim, lalurar da ke tauye magana da cuɗanya da mutane, awa-awa, a gida ko a makaranta, tana bin tsarin da shugabarta, analista, ta rubuta masa. Wani kamfani ya ajiye mata yaro zuwa Litinin. Sau huɗu ta shiga jarrabawar, sau huɗu ta faɗi. Izinin shekara ɗaya na shiga jarrabawar da aka ba ta jibi zai mutu. In ta faɗi yau sai a koma farko, yaron a ba wata, ita kuma ta koma cikin sanyi.

Ba Turanci ke kayar da ita ba, ta karanta littattafan asibiti da shi tun tana budurwa. Tambayoyin ma'anar kalma kuwa ko cikin barci za ta amsa. Waɗanda ke kashe ta su ne masu labari: kina gidan wane, yaro ya yi kaza, uwa ta ce kaza, me za ki yi? Amsa huɗu, a zaɓi ɗaya.

Shi Don Evelio Quiñones a aji huɗu ya tsaya. Shi ke buɗe makarantar share fagen jarrabawar da ke saman shagon taya, ya share, ya dafa gahawa, ya lallaɓa na'urar sanyaya ɗaki in ta yi gardama. Shekara shida yana jin malama tana karanta tambaya da Turanci, ta juya ta da Sifaniyanci, ta faɗi amsa. Ɗalibai sun gano cewa in an tare shi a matakala da tambaya, yakan faɗi amsar bai ko daina sharar ba, kuma ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Odalys ta ji labarin tun bara. Sai da ta faɗi sau huɗu ta iya tsayar da shi.

Ranar yana da aike: ruwan gora, takardar bugawa, da kek na ɗalibai. Ta shiga gaban farar motarsa ta ɗaukar kaya, ta zaro littafinta mai kauri, duk ya sha jan layi. Ya karɓa, ya jefa shi baya cikin bokitai.

"Wannan ya ba ki abin da yake da shi. Saurara." Ya siranta murya kamar ta malama. "Kina gidan yaro. Uwa ta ce tunda aka canja masa magani ba ya barci, tana tambayarki ko ta rage. Me za ki yi?"

"Wane magani ne? Nauyin yaron nawa?"

"Kin faɗi."

"Ban ma ba da amsa ba!"

"Tambayar da kika yi ita ce faɗuwar. Ki ce ta kira likitan da ya rubuta, ki rubuta abin da ta faɗa, ki gaya wa analista yau. Shi ke nan."

"Amma in maganin da nake zato ne, da safe ya kamata..."

"Kin sake faɗuwa. Tambaya ɗaya, faɗuwa biyu. Ban taɓa ganin haka ba, na rantse da uwata."

Suka tsaya a danja. Ya jefo wata. Yaro ya kwanta a ƙasa yana ihu don a ba shi wayar wasa. Tsarin analista ya ce ba a ba shi sai ya nuna katin hoton. Kaka tana tsaye tana roƙo, a ba shi don Allah, maƙwabta na ji.

"Yana taɓa kunnensa?" in ji Odalys.

"Wane kunne?"

"Yaron da ba ya magana, in kunnensa na ciwo..."

"Doktora, wa ya ba yaron nan kunne? A takarda akwai ƙasa, akwai waya, akwai kaka. Babu kunne. Ke kika zo da shi daga Holguín a cikin jaka." Ya ja motar. "Matsalarki ke nan. An ba ki layi huɗu, kin mayar da su fayil. Yaron jarrabawa ba shi da uwa ta gaske, ba shi da zazzaɓi, bai ci komai jiya ba. Abin da aka rubuta, shi ne shi."

A wurin sayen ruwa ta taya shi ɗora gororin, duk da ya hana. Suna jiran rasit ya ci gaba da jefo mata, tana cin ɗaya, tana faɗuwa biyu. Ya lura da abu guda: duk amsar da ta fi tsawo, wadda ma'aikaciya ke yin wani abin a-zo-a-gani, ita hannunta ke zuwa.

Da suka isa gidan burodi, wani mutum mai jan wuya yana faɗa da wanda ya tare masa mota. Don Evelio ya kashe inji, ya nuna shi da haɓa.

"Ga yaronki. Rubuta mini rahoton yau."

Ta dube shi ta gilashi. "Namiji, kusan hamsin da biyar. Fushi mai tsanani. Hawan jini, kuma ba ya shan maganinsa. Wataƙila giya."

"Wa ya gwada jininsa? Ke kika ba shi giyar?"

"Dubi fuskarsa mana!"

"Na ga fuska. Rubuta: ya daki murfin mota da tafin hannu sau uku. Ya ɗaga murya minti ɗaya. Ya daina lokacin da aka janye motar. Abin da kyamarar bakin shago ta gani, shi za ki rubuta. Kyamara ba ta san fushi ba."

"Mutumin nan ba zai kai Kirsimeti biyu ba."

"Wataƙila. Amma ba a rahotonki zai mutu ba."

Ya shiga ya fito da kwalin kek, ya miƙa mata ɗaya mai gwaba. Tana ci ya ce, "Wannan kuwa ba laifin likitanci ba ne, duk mutanenmu ke faɗuwa a kai. Kin yi wata shida da yaro. Uwa ta gayyace ki bikin ranar haihuwarsa ranar Asabar. An gasa alade, an ajiye miki kujera."

"Sai in je in ɗan zauna, in tafi da wuri."

"Kin faɗi."

"Haba, Don Evelio! Mace ta gayyace ni gidanta in ce a'a? Wane irin mutum ne wannan?"

"Irin wanda ya rubuta jarrabawar. Ki yi godiya, ki ƙi cikin ladabi, ki gaya wa analista. A cikin tambayoyin nan tamanin da biyar babu ɗan Kyuba ko ɗaya. Ki riƙe wannan." Ya lashe yatsa. "Shekara shida ina kallon masu hawa matakalar nan. Masu gyaran farce suna ci karon farko. Masu aikin otal suna ci. Malaman makaranta sai sau biyu. Likitoci kuwa, sai mun san sunayen 'ya'yansu."

Wannan ce ta ɓata mata rai. Ta ajiye kek ɗin a kan cinyarta.

"Tsaya a nan."

"Muna tsakiyar titi."

"Na ce tsaya."

Ya gangara gaban wani shagon wanki. Ba ta fita ba, sai ta juyo gare shi.

"Wata Lahadi an kawo mini yaro ɗan shekara huɗu, wuyansa ya sanƙare. Doka ta ce sai shugaban sashe ya sa hannu kafin a buɗe kabad ɗin maganin. Shugaban yana gonar surukinsa. Na sa mai gadi ya ɓalle kwaɗon. Yaron nan yanzu 'ya'yansa biyu, yana turo mini hotonsu. Da na bi amsarka, da na rubuta a takarda cewa ya daina motsi ƙarfe kaza, na jira Litinin. Kai mai shara ne, ba ka taɓa riƙe ran kowa a hannunka ba. Abin da kake koya mini shi ne in zama sakarya."

Don Evelio ya buɗe akwatin gaban mota. Ya ciro tsumma ya goge gilashin gabansa, wanda ba shi da datti.

"Na yarda da labarin kwaɗon," ya ce. "Da jikata ce, ke nake so a bakin kabad ɗin. Kuma in yaro na mutuwa a gabanki, jarrabawar ma motar asibiti take cewa a kira, ba analista ba. Su ba mahaukata ba ne. Amma bari in gaya miki aikina kafin tsintsiya. Shekara ashirin da takwas na yi ina ɗaukar faranti a otal a Varadero. Baƙo zai ce, Evelio, kifin nan na yau ne? Na san na shekaranjiya ne, ni na gan shi yana shigowa. In na ce na yau ne, na cuci baƙo. In na ce na shekaranjiya ne, gobe ba ni da aiki. Sai in ce, ranka ya daɗe, bari in kira maka shugaban kicin. In tafi da gaske in kira shi, in tsaya a wurin har ya zo. Ban taɓa ganin baƙon da ya ci kifin ba."

Odalys ta dubi kek ɗin da ke kan cinyarta.

"Ba sakarya ake nema ba, Doktora. Ana neman mai ido wadda ta san ƙofar da za ta buga, kuma ta buga yau, ba gobe ba. Kowace tambaya ki fara neman mai kicin. Ba ke ba ce. Da ke ce, a wata ƙasa. A nan ba ke ba ce."

Ta ɗauki kek ɗinta ta cinye. "Kawo wata."

Daga nan abin ya fara tafiya. Uba ya ce a daina amfani da katunan hoto, sun sa yaron lalaci. Malamar aji ta ce a taya ta da sauran yara tunda naki yana zaune lafiya. Maƙwabciya ta tare ki a kanti tana tambayar ciwon yaron gidan nan. Odalys tana buɗe baki, ta rufe, ta haɗiye abin da ya fara zuwa, ta faɗi na biyun. Ya kai kayan makaranta ita tana kwance a kujerar mota don kada a gan ta daga taga. Ya dawo da shinkafa da baƙin wake a roba biyu, suka ci a inuwar wani bango. Cikin ashirin na ƙarshe uku ta faɗi.

"Ukun nan ma kin sani," ya ce. "Girman kai ne ya danna."

Ƙarfe ɗaya da kwata ya ajiye ta gaban wani ginin ofisoshi a Doral. Lokacinsa ya wuce da kwata, bai yi magana a kai ba. Ya ce zai jira a ƙarƙashin bishiyar can.

A ciki aka karɓi wayarta da agogonta aka kulle, aka duba aljihunta, aka kai ta gaban kwamfuta. Awa ɗaya da rabi. Ɗakin sanyi kamar sito, yatsunta suka fara ciwo tun tambaya ta goma. Ta yi ta bi. Inda ta ga uwa, ta nemi mai kicin. Inda ta ji kunne na tsirowa a kan yaro, ta cire shi.

Ta sittin da ɗaya ce ta tsayar da ita. Yarinya 'yar shekara shida, ana cikin aiki sai ta ƙura ido waje guda daƙiƙa goma, ba ta amsa kira, sannan ta ci gaba kamar ba a yi komai ba. Sau biyar a awa biyu. Odalys ta san abin nan. Ta san sunansa, ta san gwajin da ake yi, ta san maganin farko da na biyu. Amsa ta uku ta ce a gaya wa uwa cewa wata irin farfaɗiya ce, a kai ta asibiti. Gaskiya ce tsagwaronta. Kibiyar kwamfutar ta tafi kanta da kanta ta tsaya. Amsa ta biyu ta ce a rubuta lokaci da tsawon kowane ɗaya, a sanar da analista da iyaye nan take.

Ta karanta ta biyun sau uku. Ta tuna sau nawa aka kawo mata yara irin wannan, uwa tana cewa yana yawan tunani ne kawai, babu wanda ya san sau nawa, babu wanda ya duba agogo. Da wani ya miƙo mata takarda mai lokaci biyar a jere, da rabin aikin ya ƙare. Ta janye kibiyar, ta danna ta biyu.

Matar da ke bakin ƙofa ta zaro takarda daga inji, ta kife ta, ta tura mata. Odalys ba ta juya ta ba sai a cikin lif. Ta karanta kalmar, ta sake karantawa, ta ninke takardar biyu.

Don Evelio yana barci baki buɗe, rediyo na ba da labarin ƙwallon sanda. Ta buga gilashi, ta manna takardar a jiki. Ya ƙanƙance ido.

"Wannan kalmar na san ta, kin ci," ya ce. "Shigo, kafin rana ta dafa ki."

Gidansa ƙarami ne, mai bishiyar mangwaro a baya. A nan 'yarsa Dayamí ke zaune da yarinyar tunda mijinta ya koma tuƙin babbar mota. Suna fakawa ya ce, "Na gaya mata ke abokiya ce daga makaranta, kin zo shan gahawa."

"Ba ta san abin da ya kawo ni ba?"

"In ta sani ba za ta buɗe ƙofa ba. Duk lokacin da na ɗauko maganar sai ta ce uban ma bai yi magana da wuri ba."

"Ba ka faɗa mini wannan da safe ba."

"Ba ki tambaya ba."

Dayamí ta tarbe su da kayan aikin kantin magani a jikinta, ta dubi Odalys, ta dubi ubanta, ta yi murmushi. "Baba, ashe haka? Har da sabuwar riga?" Ta shige kicin ta ɗora gahawa.

Nayla tana zaune a ƙasan falo, ta jera takalman gidan kaf daga ƙofa zuwa kujera, dukansu suna kallon gefe ɗaya. Kyakkyawar yarinya, gashi a tufke biyu. Odalys ta zauna a ƙasa nesa kaɗan. Ta kira sunanta. Ta sake kira. Ta nuna fanka da yatsa ta ce, dubi! Yarinyar tana gyara silifa. Odalys ta juya takalmi ɗaya, yarinyar ta mayar da shi ba ta ko ɗago ba. Can ta tashi, ta kama wuyan hannun Odalys, ta ja ta zuwa firij, ta ɗora hannun a kan marfin kamar wadda ta ɗauko cokali. Ba ta dubi fuskarta ba ko sau ɗaya.

Minti goma sun isa. Don Evelio yana tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Don Evelio, na ga mangwaron nan ya nuna. Ba za ka tsinko mini biyu ba?"

Ya gane kora ce, ya fita.

A kicin Odalys ta ce, "'Yata, ni ba budurwar babanki ba ce. Likitar yara ce ni a Holguín. Ya yi mini aiki yau, ladan shi ne in dubi Nayla in gaya masa abin da na gani. Yanzu a bakin ƙofa na ji ba ki sani ba."

Dayamí ta kashe wuta. Ta tsaya da baya gare ta har gahawar ta daina tafasa. Sannan ta jawo durowar da ke ƙarƙashin ta cokula, ta ɗaga tawul ɗin kwanuka, ta zaro ambulan. Odalys ta buɗe. Shafi tara daga asibitin yara, kwanan watan Maris. Sunan da ke bakin Odalys, otizim, yana nan a layi na uku. Aikin ya yi kyau, babu abin da za ta ƙara.

"Wata biyar," in ji Dayamí. "Muna layin jiran ma'aikaciya. In za mu asibiti ina ce masa allura ce."

"Me ya sa?"

"Kin hau motarsa yau, ko? Tambaya nawa ya sani? Ɗari takwas? Duk a kan yaran da ke cizo, masu buga kai a bango, masu gudu kan titi. Yana kwaikwayon su a teburin abinci muna dariya. Shi kaɗai ne a duniya yake kallonta yana ganin Nayla. Ba na so ya dube ta ya ga amsa huɗu." Ta goge ido da bayan hannu. "Ki ce masa ba komai. Ki ce jinkirin magana ne."

"Ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce mini gaskiya yake so, na ba shi hannu."

"To ki faɗa masa, ke ce likita."

"Yau da rana na daina." Odalys ta mayar da takardun cikin ambulan, ta ɗora a kan tebur, ba a durowa ba. "Kuma ko da ina Holguín, 'yar taki ce."

Ƙofar baya ta buɗe. Don Evelio ya shigo da mangwaro huɗu a cikin hularsa.

"To, Doktora? Na cika nawa."

"Ka cika. Na dube ta, na ga abin da na gani."

"Sai ki faɗa."

"Tambayi 'yarka."

Ya dube ta. Ya dubi Dayamí, ya dubi ambulan ɗin da ke kan tebur da tambarin asibiti a kusurwa. Ya zuba mangwaron a hankali cikin kwano, ɗaya ya gangaro ƙasa, babu wanda ya ɗauka. Ya jawo kujera ya zauna.

"Tun yaushe?" ya ce.

Odalys ta ɗauki jakarta. A falo ta tsallake layin takalman ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta ja ƙofar, ta taka zuwa tashar bas. Littafinta ya kwana a cikin bokitai.

In za a faɗi wanda ya ci riba, Odalys ce kan gaba. Ta fara aiki ranar Litinin, kafin wata biyu zobenta ya koma shiga yatsa. Sai dai sau ɗaya tak cikin shekara uku aka nemi likita a wurinta, kuma likitar kalma biyu ta faɗa. Dayamí ta huta da ƙaryar allura, ta kuma samu direba kyauta. Wanda ya yi asara Don Evelio ne, mutumin da ba a taɓa jin an ci shi a ciniki ba: ya ba da wuni da mai, ya sayi abin da ke cikin durowar kicin ɗinsa. A watan Oktoba layi ya zo kansu, aka turo wata yarinya 'yar shekara ashirin da biyu, sabuwar takarda a hannu. Talata da Alhamis yana zaune a kusurwar falonsa tana aiki da Nayla. Takan makara wajen yabo, takan maimaita umarni sau uku inda tsari ya ce ɗaya. Yana ganin kuskuren tun kafin ta gama yinsa. Bai taɓa ce mata komai ba. Yakan jira ranar da analista za ta zo.